BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: KWANA 4 TSAKANIN KANO DA YANKARI

 

Kusan duk wasiƙar da ta zo hannuna a 'yan watannin nan, bayan tambayar yaushe littafi na gaba zai fito, sai in tarar da wata tambayar ta biyo baya. Wai ni da nake kai taurarin labaraina Yankari shan iska, na taɓa zuwa kuwa? In na taɓa zuwa, nawa mutum zai tanada, kuma kwana nawa zai yi? To na je, yau kuma zan ba ku amsa gaba ɗaya. Sai dai ku yi haƙuri, tafiyar gaske ta sha bamban da ta littafi. A littafi layi ɗaya ya ishe ni in ɗauko Alhaji da amaryarsa daga Kano in dire su a bakin ruwa, mota ba ta yi faci ba, ba wanda ya ji yunwa, ba wanda ya tambayi kuɗin mai. A zahiri kuwa 'yar'uwa, a kan takarda ake fara tafiya, da biro da lissafi, tun kafin a taka tasha.

Ga wadda ba ta sani ba, Yankari wani makeken daji ne a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. An keɓe shi domin namun daji a shekarar 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962. A 1991 ya zama gandun daji na ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, sannan a 2006 ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi. Can cikinsa akwai masaukin baƙi da ake kira Wikki, nan ne kuma ruwan ɗumin nan da ya yi suna yake.

Mu 5 muka yi niyyar tafiyar: babban yayanmu da matarsa wadda muke kira Anti, sai ni, da Autarmu 'yar aji 2 a babbar sakandare, da kuma aminiyata. Da muka je neman izini wurin Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi, "Yaushe za ku tafi, ina za ku kwana, yaushe za ku dawo, kuma wa zai biya? Ku rubuto mini a takarda in gani." Auta har ta fara kumbura baki, sai Anti ta ja ta gefe ta ce, "Ke banda abinki, ai wannan izini ne aka ba ku, aiki kawai aka haɗa muku da shi." Ki riƙe wannan 'yar'uwa. Sau da yawa iyaye ba fitar suke ƙi ba, fitar da ba ta da kai ba ta da gindi ita ce ba sa so.

ZAƁEN WATA DA RANA

Abu na farko da muka zauna a kai shi ne lokaci. Da damina ciyawar dajin ta fi mutum tsawo, ruwa kuma ko'ina akwai shi, don haka dabba ba ta da dalilin fitowa fili. Da rani kuwa, tun daga ƙarshen Disamba har zuwa Afrilu, ciyawa ta bushe, ƙananan tafkuna sun ƙafe, dole kowace dabba ta gangaro wajen kogin Gaji neman ruwa. Ga 'yar makaranta hutu 2 ne ya faɗo cikin wannan lokaci. Hutun Afrilu ya fi kyau wajen ganin dabbobi, amma fa akwai zafi mai sa mutum ya raina kansa. Hutun Disamba akwai sanyi da hazo, ga cinkoson masu bikin Kirsimeti da sabuwar shekara. Mu dai sai muka bari hayaniyar ta lafa, muka ɗauki makon farko na Janairu kafin a koma makaranta. Ki kuma duba kalandar Musulunci, kada tafiyarki ta faɗa cikin azumi ko jajiberin Salla, lokacin da tasha take cika kuɗin mota ya hau.

Sai zaɓen rana. Hanyar Bauchi daga Kano ta Wudil take bi, Juma'a kuwa ranar kasuwar Wudil ce, ranar da manyan motocin shanu da masu kaya suke cushe wajen gada. Don haka muka rubuta: tashi Litinin, dawowa Alhamis. Akwai wani lissafin kuma da mu mata ne kawai muka san shi, wato na kwanakinmu na wata. Tunda akwai shiga ruwa a tafiyar, kowacce ta duba nata tun da wuri, duk da haka kowace jaka sai da aka sa mata audugar mata.

Wajen tsara wuni Yaya ya kafa mana doka 3. Ta farko, da lokutan salla za mu auna ranarmu, domin agogo yana iya yaudarar matafiyi amma azahar da magariba ba sa jiran kowa. Ta biyu, rana ɗaya babban abu ɗaya, in an samu ƙari riba ce. Ta uku, duk inda direba ya ce awa 4, mu rubuta awa 6. Ya ce, "Direba gudun motarsa yake lissafawa. Ba ya lissafa jiran fasinja, da shingayen jami'an tsaro, da shan mai, da mai cewa a tsaya zai kama ruwa."

MAGANAR KUƊI

Ba zan rubuta muku farashi a nan ba, saboda tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya daina zama wuri ɗaya, abin da na rubuta yau kafin mujalla ta iso hannunki ya tsufa. Abin da za ki yi shi ne, ana saura mako guda ki tura ƙaninki tasha ya tambayo kuɗin mota, a kuma buga waya masauki a ji kuɗin ɗaki, da kuɗin shiga na kowane mutum, da na zagayen daji, a tambaya ko mota da kamara suna da nasu kuɗin daban. Abin da zan ba ki shi ne yadda muka yi rabon, don shi ba ya tsufa.

Wata 5 muka yi muna adashi a tsakaninmu, Anti ce uwar adashi. Ni kuɗin littafi nake zubawa, aminiyata na ɗinkin hula, Auta kuma ta fasa asusunta. Da kuɗi suka haɗu sai Anti ta sayo ambulan 6 ta rubuta wa kowanne suna. A cikin kowace Naira 100, Naira 40 ta mota ce, 20 ta masauki, 10 ta shiga da zagayen daji, 10 ta abinci da ruwan sha, 5 ta tsaraba. Sauran 15 ɗin ta zuba a ambulan na ƙarshe ta liƙe, ta rubuta a bayansa: DUKIYAR MARAINIYA. Ta ce, "Duk wadda ta san hukuncin cin dukiyar maraya to ta zo ta taɓa." Wannan shi ne kuɗin ko-ta-kwana, na ranar da mota ta lalace, ko wani ya kwanta ciwo, ko dole ta sa aka ƙara kwana.

Kin ga mota ce ta kwashi kaso mafi tsoka, ga dalili. Daga Kano zuwa Bauchi motar haya ce, kowa kujerarsa zai biya. Amma daga Bauchi zuwa Wikki ba a samun motar fasinja mai shiga dajin kamar yadda ake samu tsakanin gari da gari, sai dai shata. Wannan ne ya sa tafiyar mutum 5 ta fi ta mutum 2 sauƙi, domin kuɗin shatar ɗaya ne, masu raba shi ne suke yawa.

Daga ambulan ɗin mota kuma Anti ta fara zare kuɗin komawa gida na kowacce, ta danƙa mata a hannu ta ce ta sa a lalita ta ɗaure a ƙugu ƙarƙashin zane. Ba na sayen ɗankunne ba ne, ba na rance ba ne. Ko da Allah Ya kawo rabuwa a hanya, kowacce tana da abin da zai kai ta ƙofar gidansu ba tare da ta roƙi kowa ba.

Kada kuma ki dogara da turawa ta waya kaɗai. Duk wadda ta ga wahalar ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 ta san amfanin kuɗi a banki, amma a cikin daji sabis yana iya ɗaukewa, mai POS kuma sai ya cire ladansa. Ki raba biyu, wasu a asusun banki wasu a hannu, na hannun kuma a samu ƙananan takardu saboda canji.

Sai ɓerayen aljihu, waɗanda ba wanda yake rubuta su: ruwan leda, kuɗin adaidaita daga gida zuwa tasha, kuɗin kaya, katin waya, ladan mai ɗauko jaka, sadakar almajiri, da dafaffen ƙwai da rake da gyaɗa da ake miƙo miki ta taga duk inda mota ta tsaya. Da yayyafi kogi kan cika, da irin wannan kuma jaka kan ƙafe. Maganinsu guzuri. Umma ta yi mana dambun nama da cincin, muka soya kaji 2, muka ɗauki garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙuli, da shayi a fulas.

LITININ

Muna idar da sallar asuba muka fita, da sanyin safiya ake kama fara. Ƙarfe 6:30 muna tasha, amma motar ba ta cika ba sai wajen 8, ka ji dokar Yaya ta fara aiki. Tsakanin Kano da Bauchi kimanin kilomita 300 ne. Muka wuce Wudil, muka shiga ƙasar Jigawa. A Birnin Kudu aminiyata ta ce ta karanta cewa akwai tsofaffin zane-zane na mutanen da a jikin duwatsun garin, ina ma a tsaya. Yaya ya ce, "Gaskiya ne akwai, amma ba sa cikin takardarmu. Mu ajiye su su zama dalilin wata tafiyar." Daga Ningi duwatsu suka fara yi mana rakiya hagu da dama, har muka shiga Bauchin Yakubu ana kiran azahar.

A gidan Goggonmu muka sauka, wanda ya rage mana kuɗin otal na kwana 2. Amma fa saukar gidan dangi ba kyauta ba ce, sai da muka riƙo mata turmin atamfa da turare, yara kuma alewa. Tun ana saura mako 2 aka sanar da ita ranar zuwanmu da yawanmu.

Babban abin wannan rana ɗaya ne tak, ziyarar kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Ni kam ina da wani dalilin na daban, domin shi ne marubucin Shaihu Umar, ka ga ashe uba ne a wannan sana'a tamu. Ta wani lungu mai duhu ake shiga, a yi ta tafiya a hankali har a ɓullo wani fili mai haske wanda samansa a buɗe yake. Mai yi mana bayani ya ce duhun zamanin mulkin mallaka ne, hasken kuma 'yancin kai. Ga kabarin nan ba ado ba ƙyale-ƙyale. Jikina ya yi sanyi ƙwarai, muka yi masa addu'a muka fito.

Da daddare Yaya da ɗan Goggo suka zauna da direban da zai kai mu, wanda mutanen gidan suka sani. Komai sai da aka yanke a gaban shaida: mai a wuyan wa yake, direba zai kwana can ne ko zai dawo ɗaukarmu, wa zai ciyar da shi. Rabin kuɗi aka ba shi, rabi sai an dawo. Aka kuma tambayi mutanen gari lafiyar hanya a wannan makon, domin halin da hanyoyinmu suke ciki ba a tafiya da labarin bara.

TALATA

Da safe muka biya kasuwar Wunti muka sayi ruwan sha da burodi da lemo, saboda duk abin da aka kai cikin daji sai kuɗinsa ya ƙaru. Ƙarfe 9 muka ɗauki hanyar Gombe, a wajen Dindima muka karkata, har muka isa ƙofar shiga da ke Mainamaji. Auta ta fara tattara jaka wai an zo. Direba ya yi dariya ya ce, "Hajiya ƙarama, da sauran fiye da kilomita 40 a cikin dajin." Gaba ɗaya daga Bauchi zuwa Wikki ya haura kilomita 100, cikin dajin kuma ba a gudu saboda dabbobi masu tsallaka titi.

Kafin azahar mun karɓi makullan ɗaki 2. Masu tarbar baƙi na farko a Wikki birai ne, manya-manyan gwaggon biri masu zama a bakin hanya kamar masu karɓar haraji, ga gyado, wato aladen daji, suna kiwo abinsu a tsakanin ɗakuna. Ma'aikata suka gargaɗe mu da mu riƙa kulle ƙofa da taga, kada kuma a riƙe leda a fili. Ba su rufe baki ba wani ƙato ya zabura ya fizge ledar burodin da ke hannun Auta ya haye bishiya, yana ci yana kallonmu. Tabɗijam! Ihun da ta kurma har yau ana yi mata tsiya da shi a gida.

Muka yi salla, muka ci abinci, muka kwanta. Hutun nan a rubuce yake a takardarmu, domin gajiyayye ko Aljannar duniya aka kai shi hamma zai yi ta yi. Bayan la'asar muka gangara matakala zuwa ruwan. Gani ya kori ji 'yar'uwa! Daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓuɓɓugowa, garai-garai har kina hango farin yashin da ke ƙasa da yatsun ƙafarki, bishiyoyi sun yi masa rumfa. Ɗuminsa digiri 31 ne a ma'aunin zafi, dare da rana, rani da damina. Ga iskar hunturu tana kaɗawa a waje, ga ruwa kamar an sirka miki. Mun tanadi dogon wando da riga mai kauri na shiga ruwa, muka nemi gefen da ba maza kuma ba zurfi, Yaya yana zaune daga sama yana gadin kaya saboda birai.

LARABA

Da sassafe muka hau buɗaɗɗiyar motar zagaye tare da ɗan jagora, kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi. Safiya da yamma su ne lokutan fitar dabbobi, da rana ta take sai su shige inuwa. A kwarin Gaji muka ga garken ɓauna sun tsaya cak suna harararmu, muka ga gwanki da kanki, ga kada kwance a bakin ruwa kamar gungume, tsuntsaye kuwa ba a magana, dajin yana da fiye da iri 350. Giwa fa? Mun ga kashinta, mun ga sawunta kamar faifai, mun ga rassan da ta kakkarya, amma ita Allah bai nufa ba.

Nan ne fa aka yi ta. Ɗan jagora ya ce da za mu sake fita da yamma wataƙila a dace. Auta ta sa kuka, aminiyata ta ce ai ga dukiyar marainiya. Anti ta ce, "Marainiya ba ta biyan kuɗin kwaɗayi." Yaya ya zaro takarda ya shimfiɗa ya ce, "Zagayen yamma ba zai ƙare ba sai dab da magariba. Ko dai mu yi tafiyar dare, wadda na yi wa Baba alkawarin ba za mu yi ba, ko mu ƙara kwana, ɗaki 2 da abinci da kuɗin direba, mu kuma saɓa ranar da muka faɗa a gida. Wanne kuka zaɓa?" Kowa ya yi tsit. Muka shiga ɗan gidan tarihin da ke masaukin muka ga fatu da hauren giwa da tarkunan da aka ƙwace a hannun mafarauta, muka yi azahar, muka kama hanya. Kogunan Marshall ma, ɗakunan nan da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, haka muka bar su. Ana kiran magariba muna tsakar gidan Goggo.

Shawarata ga wadda giwa ce burinta, tun daga gida ta rubuta kwana 2 a Wikki, ta tanadi kuɗin zagaye 2 ko 3. Dabbar daji ba ta san kin biya kuɗi ba.

ALHAMIS

Tsarabarmu ba ta wuce ambulan ɗinta ba. Masar Bauchi ce mai zafi cike da kwando, tunda ita ce abin da aka san garin da shi, kuma tun a gida aka rubuta sunayen waɗanda za a kai wa.

A tasha muka tarar da abin da ya sa na ce lallai sai na yi wannan rubutu. Wasu 'yan mata 3 ne sa'o'in Auta tsaye da jakunkuna, lallen biki bai goge a hannunsu ba, ɗaya tana sharar hawaye. Ashe bikin ƙawarsu suka zo daga Kano, kuɗinsu ya ƙare a anko da hoto da liƙi, wanda ya yi alkawarin turo musu na mota kuma wayarsa a kashe. Ga wani mutum nan yana kaɗa makullin mota a yatsa yana ce musu, "Ku zo in rage muku hanya mana, ni ma can na nufa, sai dai zan ɗan biya wani wuri tukuna." Har ɗaya ta sunkuya za ta ɗauki jaka.

Anti ta taka ta shiga tsakani ta ce, "Malam, ƙannena ne, mun gode." Ya yi 'yan kame-kame ya sulale. Ta juya ta ce da su, "Kun san shi?" Suka ce a'a. Ta karɓi lambar mahaifiyar ɗayarsu ta kira suka yi magana, sannan ta ɓalle ambulan ɗin nan da ta hana mu taɓawa jiya ta biya musu kujera 3 a motarmu. Auta ta raɗa mini a kunne, "Yaya, ashe marainiyar tana da masu ita." Ni kuwa har muka wuce Ningi ina tunanin inda motar mutumin nan za ta kai su. Kuɗin komawa gida ba kuɗi ne kawai ba 'yar'uwa, mutuncinki ne kika ƙulle a lalita. Kafin la'asar muna Kano, a ranar da muka faɗa, da sauran canjinmu.

Na san da yawa cikinku za su ce Yankari ta yi musu nisa, aljihu kuma bai kai ba. To daidai ruwa daidai tsaki, ki fara da abin da ke kusa da ke. 'Yar Kano ga Dutsen Dala da Gidan Makama, wuni ɗaya ya isa. 'Yar Katsina ga hasumiyar Gobarau, ga rijiyar Kusugu a Daura. Ki samu babba a gida wanda zai raka ku, ki yago takarda daga tsakiyar littafinki, ki rubuta lokacin fita da na dawowa, ki raba kuɗinki gida-gida, ki fara cire na mota ki ɗaure. Wadda ta iya tsara wuni ɗaya ita za a yarda ta tsara kwana 4, kuma wannan lissafin shi za ki tarar yana jiranki ranar da aka danƙa miki kuɗin cefane a ɗakinki.

Allah Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya, Ya tsare mana mutuncinmu a gida da dawa, amin. Wadda ta gwada ta rubuto mini yadda ta kaya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya yarda.

Taku har kullum.